TARIHIN KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA: SAUƘIN ƊAUKA DA WUYAR GYARA





GABATARWA

Da wuya a ce akwai wanda ya shigo wannan zaure ba tare da kwamfuta ba, ko dai a jaka ko kuwa a aljihu, domin ita kanta wayar da ke hannun kowannenmu kwamfuta ce. Da wuya kuma a buɗe siton wata ma'aikata ba a tarar da irin waɗannan na'urori a jibge sun yi ƙura ba: wannan batirinta ya kumbura, waccan allonta ya fashe, wata kuwa lafiyarta lau amma manhajar cikinta ta tsufa. Da dukiyar jama'a aka saye su, kuma galibinsu sun mutu tun kwanansu bai ƙare ba. Abin da wannan lacca za ta bi sawu shi ne yadda kwamfuta ta taso daga cika ɗaki har ta shiga aljihu, da abin da aka yi hasara a kan hanya, sa'an nan mu ga darasin da ke ciki ga wanda zai saya wa kansa, da wanda zai sa hannu a saya wa gwamnati.

DAGA ƊAKI GUDA ZUWA JAKA

Kwamfutar ENIAC, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka a 1946, nauyinta ya kai kusan tan 30, tana kuma aiki da kwalaben lantarki fiye da 17,000. Duk mai bukatarta sai ya taka ya je inda take. Abubuwa uku ne suka rage mata jiki. Na farko shi ne transista, wadda aka ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a 1947, ta maye gurbin waɗancan kwalabe. Na biyu, a 1958 da 1959 Jack Kilby da Robert Noyce, kowa a nasa kamfanin, suka gano hanyar harhaɗa sassan lantarki da yawa a kan ɗan guntun abu guda. Na uku, a 1971 kamfanin Intel ya fito da 4004, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta sukutum a kan guntu ɗaya mai transista 2,300.

Tun kafin kayan aiki su samu, tunani ya riga ya yi gaba. A 1972 Alan Kay, wani masani a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox, ya bayyana siffar wata na'ura da ya kira Dynabook, mai girman littafin rubutu, wadda yaro zai iya ɗauka ya yi karatu da zane da ita. Ba a ƙera ta ba, amma ita ce ta zama abin kwatance ga maƙeran da suka biyo baya. Abin da hannu ya iya kaiwa a lokacin shi ne IBM 5100 ta 1975, mai nauyin kilo 25, wadda mafi arahar cikinta ta tasam ma dala 9,000. Ana kiranta tafi-da-gidanka, amma sai ƙaƙƙarfa ke cicciɓarta.

OSBORNE DA COMPAQ

A watan Afrilu na 1981 Adam Osborne ya fito da Osborne 1. Kamanninta kamar akwatin keken ɗinki, nauyinta kilo 11, allonta inci 5 kacal, kuma sai an jona ta da wutar bango take aiki. Duk da haka ta yi kasuwa, domin a kan dala 1,795 mutum zai same ta haɗe da manhajar rubutu da ta lissafi, waɗanda in da ɗai-ɗai zai saye su, da kuɗinsu ya kusa kai na na'urar. Amma a watan Satumba na 1983 kamfanin ya karye. Labarin da ya shahara shi ne, Osborne ya yi shelar sabon samfuri tun bai gama ƙera shi ba, dillalai suka daina karɓar tsohon, kuɗi suka tsaya. Wasu masana tarihi suna ganin gasar kamfanin Kaypro, mai allo inci 9, da kuma rashin iya riƙon kuɗi, su ma sun yi nasu aikin. Ko ma dai mene ne sanadi, waɗanda suka sayi na'urar sun wayi gari da marainiya a hannu, babu mai tsaya mata.

Kamfanin Compaq, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Texas Instruments su uku suka kafa a 1982, wata hanya ya bi. Na'urarsa ta fi ta Osborne nauyi, kilo 13, ta kuma fi ta tsada. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne, kusan duk manhajar da ke aiki a kan kwamfutar tebur ta IBM, wadda ta fito a 1981, tana aiki a kanta. Watau akawun da ya yi lissafinsa a ofis zai iya ɗaukar faifansa ya ƙarasa aikin a wani gari. A shekararsa ta farko ta ciniki, 1983, Compaq ya yi cinikin dala miliyan 111. A shekara guda ke nan ɗaya ya faɗi ɗaya ya tashi, kuma darasin bai tsufa ba: darajar na'ura tana ga yawan abokan hulɗarta, watau manhajar da take karɓa, da kayan da suka dace da ita, da masu gyaran da suka san cikinta.

SIFFA DA BATIR

Siffar da muka sani a yau, ta murfi mai ɗauke da allo wanda ake kifewa a kan madannai, ta bayyana ne a GRiD Compass ta 1982, wadda Bill Moggridge ɗan Ingila ya zana. Kuɗinta ya haura dala 8,000, saboda haka sai sojojin Amurka da hukumar NASA ne manyan masu sayenta. A 1983 kuma aka sami TRS-80 Model 100, ƙirar kamfanin Kyocera na Japan. Allonta layi 8 kawai yake nunawa, amma da ƙananan batura huɗu, irin waɗanda ake sa wa ƙaramar rediyo, takan yi sa'o'i kusan 20 tana aiki, kuma tana iya aika rubutu ta layin tarho. 'Yan jarida suka rungume ta, wasu suka shekara goma suna aiki da ita, saboda duk garin da suka sauka akwai batirinta a kanti.

Kishiyar wannan ita ce Macintosh Portable ta kamfanin Apple a 1989, mai nauyin kilo 7, wadda batirinta na darma ne, ɗan'uwan batirin mota. Ba ta karɓu ba. Kamfanin ya gyara kuskurensa a 1991 da PowerBook, inda aka tura madannai baya aka bar wa tafin hannu wurin hutawa a gaba, tsarin da har yanzu ake bi. A 1992 IBM ya fito da ThinkPad, wadda ta yi suna wajen juriya, kuma kamfanin Lenovo na ƙasar Sin ya gaje ta a 2005. A shekarar 1991 ne dai kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam, wanda ya fi na gabaninsa riƙe wuta a ɗan ƙaramin jiki. Mutum uku da suka share fagensa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. Sai dai wannan batir yana da kwana ƙidayayye. Kowane caji yana rage masa ƙarfi kaɗan, zafi yana gaggauta tsufansa, kuma in aka bar shi wata da watanni ba wuta ko ɗigo, yana iya ƙin tashi har abada.

ZAMANIN DA AKE BUƊE NA'URA

Daga shekarun 1990 zuwa wajen 2010, kwamfutar cinya abar buɗewa ce. A ƙarƙashinta akwai 'yan ƙofofi, da sukudireba mutum zai kwance ya ƙara ƙwaƙwalwar aiki, watau ram, ko ya sauya faifan ajiya. Batir kuwa da ɗan makulli ake zare shi, matafiyi ma yakan riƙe guda biyu. A 1989 kamfanoni suka kafa ƙungiyar PCMCIA, suka amince da wani kati mai faɗin katin banki da ake zurawa ta gefen na'ura don ƙara mata abin da ba a haife ta da shi ba, kamar hanyar shiga tarho ko ta sadarwar ofis. A 1996 aka sami mashigar USB, a 1999 kuma Wi-Fi ya fara shiga kwamfutocin talakawa. Amfanin irin wannan yarjejeniya shi ne, kayan kamfani kaza suna shiga na'urar kamfani kaza, mai saye bai zama bawan maƙeri ɗaya ba. Wannan ne ya sa na'urorin wancan zamani suka yi rai biyu: bayan sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, sai a yi jigilarsu zuwa kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja, a sayar da su a matsayin na hannu, ɗalibanmu su yi digiri da su.

NA'URORIN TAFIN HANNU

A gefe guda kuma, wata zuriya ta ƙananan na'urori tana tasowa. A 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da HP-35, na'urar lissafin kimiyya mai shiga aljihun riga. A 1984 kamfanin Psion na Ingila ya fito da Organiser, ta adana sunaye da 'yan bayanai. A 1993 Apple ya kawo Newton, wadda aka ce za ta karanta rubutun hannu. Ta kasa cika alkawari, ta zama abin ba'a a jaridu, aka dakatar da ita a 1998.

Wanda ya ci nasara shi ne Jeff Hawkins, wanda ya kafa kamfanin Palm. Kafin ya ƙera komai, sai ya sassaƙa ɗan katako daidai girman aljihu, ya riƙa yawo da shi yana kwaikwayon duba alƙawura, don ya gane abin da mutum ke bukata da gaske. Na'urar da ta fito a 1996 ayyukanta kaɗan ne: kalanda, adireshi, jerin abin yi, da ɗan rubutu. Kuɗinta dala 299, batura biyu ƙanana sukan yi makonni, kuma da danna maɓalli ɗaya take daidaita bayananta da na kwamfutar tebur. Daga baya BlackBerry ta ƙasar Kanada, tun daga 1999, ta sa wasiƙun ofis a tafin hannun ma'aikaci. Sa'an nan iPhone ta zo a 2007, wayar Android ta farko a 2008, iPad kuma a 2010, suka haɗiye aikin duk waɗanda suka gabace su.

Ƙarshen waɗancan kamfanoni abin lura ne. Hewlett-Packard ya sayi Palm a 2010, ya fito da allon hannu mai suna TouchPad a 2011, ya kuma janye shi bayan kwana 49. BlackBerry ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa ranar 4 ga Janairu 2022, ko da kuwa jikinsu garau yake. Ma'ana, na'urar zamani rabinta ne kawai a hannun mai ita, sauran rabin yana can a hannun kamfani, kuma ranar da kamfani ya saki nasa rabin, magana ta ƙare.

KWAMFUTA ƊAYA GA KOWANE YARO

Wannan babi ya fi shafar ma'aikatan gwamnati. A 2005 Nicholas Negroponte, na Cibiyar Fasaha ta Masacusets, ya ƙaddamar da shirin samar wa kowane yaro a ƙasashe masu tasowa kwamfuta a kan dala 100. A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a birnin Tunis, tare da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. Tana da wani mariƙi da ake juyawa da hannu don samar da wuta, kuma a wurin bikin ne ya ɓalle. Da aka fara ƙera ta sosai a 2007, an cire wannan mariƙi, kuɗinta kuwa ya kusa ninka abin da aka yi alkawari. Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka sa ran za su yi babbar oda, an kuma gwada na'urar a wata makarantar firamare da ke Galadima, kusa da Abuja, a 2007, amma babbar odar ba ta tabbata ba.

Ƙasashe biyu na Amurka ta Kudu sun isa misali. Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta rarraba a makarantun karkara, inda intanet ya yi ƙaranci, horon malamai kuma bai taka kara ya karya ba. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon yaran na lissafi da harshe ba. Yurugwai kuwa, a shirinta na Ceibal da ta fara a 2007, ta kafa hukuma ta musamman, ta ja intanet zuwa makarantu, ta horar da malamai, ta kuma tanadi hanyar gyara da sauya waɗanda suka lalace, shi ya sa shirin ya ɗore. Na'ura iri ɗaya ce aka kai ƙasashen biyu. Bambancin yana ga abin da aka tanada bayan an gama bikin rabo.

YADDA AKA RUFE NA'URA

A watan Janairu na 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban taro. Duniya ta yi mamakin sirantakarta, sauran kamfanoni kuma suka bi sahu. Amma sirantaka tana da farashi: an liƙe ram da dalma a jikin babban allon lantarki, an kulle batir a ciki, daga baya ma aka riƙa manna shi da gam. Abin da mutum ya saya ranar farko, da shi zai zauna har ƙarshe. A watan Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu wayoyin iPhone waɗanda batirinsu ya tsufa, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato. Laifin da aka kama shi da shi shi ne rashin sanar da masu wayoyin, waɗanda da sun san batir ne kawai, da wasu ba su sayi sabuwa ba. A 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25.

Ita ma manhaja tana da ajali. Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, ya kuma tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori masu yawa. Haɗarin sakaci da wannan ya bayyana a watan Mayu na 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150. A asibitocin gwamnati na Ingila an soke ganin likita da ayyuka kimanin 19,000. Abin takaici, tun watan Maris Microsoft ya fitar da maganin wannan ɓaraka, ba a dai ɗora shi a kan na'urorin ba.

HAƘƘIN GYARA

Abin da ba ya gyaruwa, juji ne makomarsa. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Afirka ta Yamma ta ɗanɗana nata rabon: a unguwar Agbogbloshie ta birnin Ankara, kafin a rushe wurin a 2021, matasa, da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Gana, sun shekara da shekaru suna ƙona wayoyin wuta don fitar da tagulla, suna shaƙar hayaƙi mai guba.

Wannan ne ya haifar da fafutukar haƙƙin gyara. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan, tun 2013, da Framework na Amurka, tun 2021, sun nuna ana iya ƙera waya da kwamfutar cinya marasa nauyi waɗanda mai su zai kwance da kansa. Faransa ta wajabta, daga Janairu 2021, a rubuta wa irin waɗannan kaya makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10. Tarayyar Turai ta tilasta wa sababbin wayoyi caja iri ɗaya, watau USB-C, daga 28 ga Disamba 2024. Daga 20 ga Yuni 2025 kuma ta wajabta wa maƙera su samar da kayan gyaran waya na shekara 7, da sabunta manhaja na aƙalla shekara 5, bayan an daina sayar da samfurin. Mu a nan, masu gyara na kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano sun daɗe suna raya abin da maƙerinsa ya yanke masa ƙauna. Abin da suka rasa shi ne safaya ta ƙwarai da littattafan gyara, waɗanda doka ce kaɗai ke iya tilasta wa kamfani ya saki.

KAMMALAWA

Jama'a, daga wannan tarihi ga abin da nake ganin ya kamata mai saye ya riƙe. Da farko ya fayyace aikin da zai yi, kamar yadda Hawkins ya yi da katakonsa, domin ɗalibin da zai rubuta kundi ba bukatarsa ɗaya da mai zanen taswira ba, kuma mai aiki da Hausa ya tabbatar na'urar tana rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Na biyu, ya tambayi ranar da za a daina sabunta manhajarta, musamman in ta hannu ce. Na uku, ya bincika ko batirinta na sauyuwa, ko ana ƙara mata ram, ko kuwa a liƙe suke. Na huɗu, ya ji daga bakin mai gyara na garinsu ko akwai kayanta a kasuwa, ya kuma tuna da zafin bazara da ƙurar hunturu da halin wutar lantarkinmu. Kafin a yanke wa tsohuwar na'ura hukunci kuwa, a gwada sauya mata faifai mai juyawa da ma'ajiyar SSD, a ƙara ram, ko a ɗora mata Linux, domin sau da yawa wannan kan ƙara mata shekaru.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai ƙari. Zaɓenmu ya dogara da na'urar tafin hannu tun daga mai karanta kati ta 2015 zuwa BVAS ta 2023. Ƙidayar jama'a da aka shirya yi da irin waɗannan na'urori an ɗage ta a watan Afrilu na 2023, batir kuwa ba ya jiran a sa sabuwar rana, ko a sito yake yana tsufa. Saboda haka duk kwangilar da ta ƙunshi kuɗin saye kaɗai, babu garanti, babu safaya, babu horon ma'aikata, babu tanadin ajiya da caji, babu tsarin goge bayanan hukuma kafin a yi gwanjon na'ura, rabin kwangila ce. Wanda zai sa hannu a takarda ya tambayi ɗan kwangila: shekara biyar daga yau, wa zai gyara wannan, da me, kuma nawa? In babu amsa a rubuce, to a dakata da sa hannu, domin dukiyar amana ce.